Me ya sa banki ke tsare mu da tambaya a kan kuɗinmu? Bayani a kan FATF da dokokin kuɗi na Najeriya



Ana saura kwana tara Babbar Sallah ta 2024, mahaifina ya sauke tirela biyu ta shanu a kara. Kasuwa ta yi kyau, mahauta suna ta turo kuɗi ta waya, alat na shigowa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta uku sai ya ce in tura wa mutuminsa na Potiskum kuɗin kaya domin a ɗoro mana wata motar. Na gwada, abu ya ƙi. Na sake gwadawa, ya ƙi. Da muka je banki aka ce an sa wa asusun takunkumi: kuɗi zai shiga, amma ba zai fita ba. Dalili biyu suka ba mu. Na farko, yadda aka rubuta sunan Baba a BVN ya saɓa da na NIN. Na biyu, lokacin da ya buɗe asusun shekaru da yawa baya, an rubuta cewa ƙaramin ɗan kasuwa ne, ga shi kuma miliyoyi sun shigo daga mutane daban-daban cikin kwana uku.

Kwana shida muka yi muna zarya kafin a buɗe. Kafin nan an ɗora wa wani shanun, kasuwar Sallah ta wuce mu. A hanyar dawowa gida Baba ya ce da ni, "Kai da ka yi boko, faɗa mini, wa ya ba su ikon tambayata a kan gumina?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, zan bincika." Abin da na samu ke nan na tattara a nan, saboda na san ba mu kaɗai ba ne abin ya taɓa faɗa wa. Amsar a taƙaice ita ce: tambayar da ma'aikacin banki ke yi maka a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, asalinta daga wata hukuma ce da ke birnin Paris na Faransa.

Mece ce FATF?

FATF hukuma ce ta ƙasa da ƙasa da ke tsara ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci. Ƙasashe bakwai masu ƙarfin arziki, wato G7 (Amurka, Birtaniya, Faransa, Jamus, Italiya, Japan da Kanada), su suka kafa ta a 1989. Da farko damuwarsu kuɗin miyagun ƙwayoyi ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka sai aka ƙara mata aikin bin sawun kuɗin 'yan ta'adda.

Halasta kuɗin haram shi ne a ɗauki kuɗin da aka samu ta hanyar laifi, kamar sata, cin hanci, damfara, ƙwaya ko kuɗin fansa, a bi da shi ta wata sana'a ta halal ko ta asusun mutane har asalinsa ya ɓace, ya fito kamar ribar kasuwa.

Hukumar tana da shawarwari guda 40 da ta fara fitarwa a 1990, aka yi musu babban garambawul a 2012. Suna suka tara shawara, amma a aikace ƙasashe da yankuna sama da 200 sun ɗauki alƙawarin bin su. Cikakkun mambobinta kimanin 40 ne, kuma a Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki. Najeriya tana hulɗa da ita ne ta hannun GIABA, hukumar da ECOWAS ta kafa domin wannan aiki, mai hedikwata a Dakar ta ƙasar Senegal. GIABA ce ke zuwa ta duba littafan ƙasa ta rubuta rahoto.

FATF ba ta da 'yan sanda, ba ta kama kowa, ba ta rufe asusun kowa. Ƙarfinta duk yana cikin jerin sunaye biyu da take sabuntawa sau uku a shekara, a Fabrairu da Yuni da Oktoba.

Jeri biyu: baƙi da ruwan toka

Baƙin jeri na ƙasashen da ake ganin haɗarinsu ya kai maƙura ne. Koriya ta Arewa da Iran sun daɗe a ciki, aka ƙara Myanmar a Oktoba 2022. Ƙasar da ke nan, bankunan duniya kusan gudun ta suke yi.

Jeri na biyu shi ake kira mai ruwan toka, domin yana tsakanin fari da baƙi. Sunansa a hukumance jerin ƙasashen da aka ƙara sa wa ido. Ƙasar da aka saka ciki ta amsa cewa tana da giɓi, ta kuma sa hannu za ta gyara cikin wa'adi. Ba talakawan ƙasashe kaɗai ke shiga ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ta shiga a Maris 2022 ta fita a Fabrairu 2024. Turkiyya ta shiga a 2021 ta fita a 2024. Ghana ta shiga a 2018 ta fita a 2021. An saka Kamaru a Yuni 2023.

Me ya sa ƙasashe ke tsoron jerin?

Bari in kwatanta da abin da muka sani. Baƙon da ya kawo shanu kara ba ya sayarwa kai tsaye, sai ya sauka a hannun maigidansa, wanda zai tsaya masa, ya san masu saye, ya ɗauki nauyin bashi. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa shanun wani yanki na sata ne, duk wanda ya zo daga can sai an tsananta masa bincike, wani maigidan ma ya ce ba zai sauke shi ba sam, ko da shi mutumin kirki ne.

Haka bankuna suke. Bankin Najeriya ba zai iya biyan dala a Chana ko Dubai da kansa ba, sai ta hannun wani babban banki na waje da ke tsaya masa, galibi a New York ko Landan. Idan sunan ƙasa ya shiga jerin, wancan bankin zai ƙara tambayoyi, ya nemi ƙarin takardu, ya ƙara caji, wani lokaci ya yanke hulɗar gaba ɗaya don kada hukumar ƙasarsa ta ci shi tara. Sai biyan kuɗin kaya ya ɗauki lokaci, kuɗin aikawa ya ƙaru, masu zuba jari su ja baya. Wani bincike da ma'aikatan Asusun Lamuni na Duniya, IMF, suka wallafa a 2021 ya nuna cewa shiga jerin yana rage kuɗin da ke shigowa ƙasa daga waje da kimanin kashi 7.6 cikin 100 na girman arzikinta a matsakaici. Ga ƙasar da 'ya'yanta mazauna waje ke aiko mata kusan dala biliyan 20 a shekara, kuma take sayo magani da injina da kayan gyara daga waje, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarshenta tsadar tana saukowa kan mai sayen kaya a kasuwa.

Tarihin Najeriya da FATF

Sau uku ke nan Najeriya tana shiga hannun wannan hukuma.

Karo na farko a Yuni 2001 ne, zamanin Obasanjo, lokacin da sunan ƙasar ya ɓaci a duniya saboda damfarar 419. Aka saka ta cikin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai. Wannan matsin lamba na cikin abin da ya haifi EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu. An cire sunan Najeriya a Yuni 2006.

Karo na biyu ya fara a 2010, wannan karon maganar dokar ta'addanci ce ta fi yawa. Aka yi dokar hana ta'addanci a 2011, aka gyara ta a 2013, sannan aka daina sa idon a Oktoba 2013. A tsakani kuma an samu wata matsalar. Hukumar NFIU, wadda ke tattara bayanan sirri a kan kuɗi, tana ƙarƙashin EFCC ne a lokacin. Ƙungiyar Egmont, inda irin waɗannan hukumomi na duniya ke musayar bayanai, ta dakatar da Najeriya a Yuli 2017 saboda rashin cin gashin kan NFIU. Sai da aka yi mata dokar kanta a 2018 aka janye dakatarwar.

Karo na uku shi ne wanda muka ji a jikinmu. GIABA ta zo bincike a 2019, rahoton ya fito a 2021, ya nuna giɓi da yawa. Gwamnati ta yi sauri, a ranar 12 ga Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokoki uku: sabuwar dokar hana halasta kuɗin haram, sabuwar dokar hana ta'addanci, da dokar ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Duk da haka, a ranar 24 ga Fabrairu 2023, jajibirin zaɓen shugaban ƙasa, FATF ta saka Najeriya da Afirka ta Kudu a jeri mai ruwan toka. Abin da ta ce shi ne, doka a takarda ba ta wadatar ba, sai an ga aiki: a ga ana bincike, ana gurfanarwa, ana ƙwace dukiya, ana sanin ainihin masu kamfanoni, ana sa ido a kan 'yan canji da sauran sana'o'in da kuɗi mai yawa ke bi. Aka ba Najeriya ayyuka 19.

A ranar 24 ga Oktoba 2025 aka cire Najeriya daga jerin, tare da Afirka ta Kudu, Mozambik da Burkina Faso, bayan jami'an hukumar sun zo da kansu sun duba.

Ina tsaro ya shigo, kuma me ya haɗa shi da shanu?

Bindiga ba ta sayen kanta. Mai ɗauke da ita yana buƙatar harsashi, man babur, abinci, magani da katin waya, duk kuɗi ne. Shi ya sa ƙasashe ke ganin toshe hanyar kuɗi wani ɓangare ne na yaƙi.

A 2019 wata kotu a Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Najeriya shida bisa laifin aika dala 782,000 daga Dubai zuwa ga Boko Haram, kuma a Maris 2022 Amurka ta saka su cikin jerin takunkuminta. Irin wannan shari'a ita ke sa ƙasashen waje su tambaya: ta wace hanya kuɗin ya bi, kuma me ya sa ba a gano shi a gida ba?

Mu kuma abin ya zo har cikin sana'armu. Rahoton da FATF ta fitar a 2016 tare da GIABA da takwararta ta tsakiyar Afirka ya ambaci satar shanu a cikin hanyoyin da Boko Haram ke samun kuɗi. A Maris na shekarar gwamnatin Borno ta dakatar da ciniki a wasu kasuwannin shanu guda huɗu saboda zargin ana shigo da na sata. A 2021 Zamfara da Katsina sun rufe kasuwannin dabbobi a wurare da dama, suka hana fitar da shanu a mota. Duk wanda yake kara a lokacin ya tuna yadda kaya ya yi ƙaranci a Kudu. A Janairu 2022 kuma gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda a hukumance, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya ta Abuja. Ma'anar wannan a doka mai nauyi ce: wanda ya sayi saniya a hannunsu yana sane, ko ya ajiye musu kuɗin fansa, maganarsa ta wuce ta karɓar kayan sata, ta koma ta ɗaukar nauyin ta'addanci.

To ka ga sana'ar da ake yi da tsabar kuɗi, ba rasit, ga kaya na tsallako iyaka daga Nijar da Chadi ta Maigatari, Mai'adua da Illela, ga canjin sefa a tsakani, dole idon masu bincike ya faɗa kanta. Mafi yawanmu halal muke nema, Allah ya sani. Amma kwamfutar banki ba ta san fuskar kowa ba, lissafi kawai take gani.

Dokokin da suka shafe mu kai tsaye

Iyakar tsabar kuɗi. Dokar 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 in ba ta hanyar banki ba. Kamfani kuma miliyan 10. Wannan adadi yana nan tun dokar 2011, lokacin da miliyan 5 ke sayen shanu masu yawa. Yau a ce kowane sa naira miliyan ɗaya ne, shanu shida sun riga sun haura iyaka. Da yawa a cikinmu suna taka wannan doka kullum ba su sani ba.

Rarraba kuɗi. Dokar ta hana a tsinka ciniki ɗaya gida-gida da nufin kauce wa rahoto. Wato ka zuba miliyan huɗu da rabi yau, miliyan huɗu da rabi gobe, don kada ya kai biyar. Wannan dabara ita ce ma ta fi saurin jawo ido.

Rahoton banki. Duk hada-hadar da ta wuce miliyan 5 ga mutum ko miliyan 10 ga kamfani, banki zai kai rahotonta ga NFIU cikin kwana bakwai. Wannan ba zargi ba ne, aikin yau da kullum ne, kada ya tsorata kowa. Akwai kuma rahoto na biyu, na abin da banki ke shakka a kai komai ƙanƙantarsa. Shi wannan doka ta hana ma'aikacin ya gaya maka ya kai. Saboda haka in ka ga yana ta kewaye-kewaye, wani lokaci ba wulaƙanci ba ne, bakinsa a ɗaure yake. Hukuma na iya tsayar da asusu na awa 72 a kan irin wannan rahoto, in za a wuce haka sai da umarnin kotu.

Tsallake iyaka da kuɗi. Wanda zai fita ko ya shigo ƙasa da abin da ya wuce dala 10,000, ko kwatankwacinsa a sefa ko riyal, dole ya bayyana wa Kwastam. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi, kuma hukuncinta ƙwace kuɗin, ko ɗaurin da bai gaza shekara biyu ba, ko duka biyun. Masu zuwa Kwatano, Maraɗi, Saudiyya da Dubai su riƙe wannan.

BVN da NIN. An fara BVN a Fabrairu 2014. A Disamba 2023 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ce ko ƙananan asusu da na waya sai an haɗa su da BVN ko NIN, manyan kuma da duka biyun, aka sa 1 ga Maris 2024 a matsayin ranar fara toshe waɗanda ba su yi ba. A Afrilu 2024 an dakatar da wasu manyan bankunan waya daga ɗaukar sababbin kwastomomi har sai da suka tsaurara tantancewa, aka sake su a Yuni.

'Yan canji. CBN ya daina sayar musu da dala a Yuli 2021. A ranar 1 ga Maris 2024 ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a rana ɗaya. A Mayu 2024 ya fitar da sabon tsari: babban lasisi sai da jarin naira biliyan 2, ƙarami miliyan 500. 'Yan'uwanmu da ke wannan sana'a a Legas da sauran garuruwa su suka fi kowa jin wannan.

Masu POS da masu kamfani. A 2024 an umarci masu POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Ita CAC ɗin tun 2023 ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanoni, don kada wani ya ɓuya a bayan sunan yaronsa. Masu sayar da motoci, gwal, filaye da gidaje da masu otal kuma suna buƙatar takardar SCUML, wani sashe da ke ƙarƙashin EFCC, kafin banki ya yi hulɗa da kamfaninsu.

Hukunci. Wanda aka samu da laifin halasta kuɗin haram zai iya shan ɗaurin shekara 4 zuwa 14, ko tarar da ba ta gaza ninki biyar na kuɗin ba, ko duka. Abin lura a nan, dokar ba ta tsaya ga wanda ya sani kaɗai ba, ta haɗa da wanda ya kamata a ce ya sani. "Wallahi ban san kuɗin mene ne ba" ba kullum take fitar da mutum ba.

Canjin kuɗi na 2023 fa?

Mutane da yawa suna haɗa su saboda lokacinsu ya zo ɗaya, amma ba FATF ce ta ce a canja takardun naira ba. CBN ne ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar a ranar 26 ga Oktoba 2022 cewa zai sauya 200 da 500 da 1,000. Dalilan da ya bayar su ne sama da kashi 80 cikin 100 na tsabar kuɗi na wajen bankuna, ga jabu, ga kuɗin fansa. Wahalar da aka sha a Fabrairu 2023 ba sai an tuna wa kowa ba, a kara mun ga ranar da mai saye yana nan, mai sayarwa yana nan, amma babu abin biya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. Abin da ya rage daga wancan lokaci shi ne iyakar cire kuɗi: naira 500,000 a mako ga mutum, miliyan 5 ga kamfani, abin da ya haura a biya caji na kashi 3 ga mutum, kashi 5 ga kamfani. Manufar dai ɗaya ce da ta dokokin sama, a tura ciniki inda zai bar sawu.

An fita daga jerin, to an huta ke nan?

Ga ƙasa, labari ne mai daɗi. Bankunan waje za su rage shakka a hankali, masu zuba jari su samu natsuwa. Amma kada wani ya ɗauka tambayoyin banki za su ragu. An cire Najeriya ne saboda ta nuna tana aiwatar da waɗannan dokoki, kuma za a sake zuwa wani zagayen bincike nan gaba. Ƙasar da ta shiga sau uku ba za ta so na huɗu ba.

Akwai kuma koke na gaskiya da ya kamata a faɗa. Nauyin waɗannan ƙa'idoji ya fi sauka a kan wanda bai yi boko ba, wanda ma'aikacin rajista ya rubuta masa suna yadda ya ga dama, wanda aka ƙirƙira masa ranar haihuwa. Babban ɓarawo yana da lauya da akanta, mai tura baro ba shi da kowa. Ita kanta FATF ta amsa a 2021 cewa yadda ake aiwatar da ƙa'idojinta yakan kori talakawa daga banki ba da niyya ba. Wannan magana ce da shugabannin kasuwanni da Sarakunan Hausawa za su iya ɗauka su kai gaba, musamman batun iyakar miliyan 5 da tsadar kaya ta riga ta bari a baya. Kafin a gyara dai, doka tana nan, kuma ita za a karanta wa mutum a kotu.

Abin da ɗan kasuwa zai yi ya kare kansa

Na farko, kada ka ba da aron asusunka. Wannan ita ce babbar hanyar da bayin Allah ke faɗawa cikin bala'i. Wani zai zo ya ce, "Ɗan'uwa, za a turo mini kuɗi, ba ni da asusu, taimaka mini da naka." Kunya ta hana ka ƙi. In kuɗin na fansa ne ko na damfara, sunanka da hotonka da BVN ɗinka su ne a takarda, shi kuwa ya kashe waya. Masu shago, masu shayi da masu POS su suka fi fuskantar wannan roƙo. In dole ne ka taimaka, raka shi ya buɗe nasa.

Na biyu, duba sunanka da ranar haihuwarka a BVN da NIN da asusu, su zama iri ɗaya harafi da harafi. A gyara tun kasuwa na sanyi, kada a bari sai kakar Sallah.

Na uku, gaya wa banki gaskiyar sana'arka da girman kuɗin da ke ratsa hannunka. In kasuwa ta bunƙasa, koma ka sabunta bayaninka. Wanda cinikinsa ya kai miliyoyi a mako, ya fi masa ya yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ya buɗe asusun kasuwa daban da na cefanen gida.

Na huɗu, riƙe littafi. Kwanan wata, wa ka saya a wurinsa, a wace kasuwa, kai nawa, nawa ka biya, wane dillali ya tsaya, lambar motar da ta ɗauko. Ajiye takardar kasuwa da ta likitan dabbobi da rasit ɗin haraji, ka ɗauki hotonsu a waya. Ko da ajami ka rubuta, shaida ce. Bankuna suna ajiye nasu bayanan aƙalla shekara biyar, kai ma kada ka yi saurin zubar da naka.

Na biyar, saniyar da aka kawo maka da arha fiye da kima, ba takarda, ba wanda ya san mai ita, bar ta. Arhar da za ta kai mutum hannun hukuma ba riba ba ce.

Na shida, in za ka yi canji mai yawa, yi da mai lasisi, ka karɓi rasit.

In an riga an toshe asusun

Je reshen bankin da kanka da katin shaida. Tambaya a natse: gyaran bayanai ake nema, ko umarni ne daga wata hukuma ko kotu? Hanyar warware su daban ce. In gyara ne, kai takardun da suka nema. Rubuta ƙorafi a takarda, a buga maka hatimi a kwafinka, ka karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai kuka sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN. In kuwa umarnin hukuma ne, nemi lauya tun da wuri, ka sanar da shugabannin ƙungiyarku. Kada ka ba wani kuɗi a bayan fage wai zai buɗe maka, kuma kada ka karanta wa kowa lambar sirri ta waya ko da ya ce daga banki yake.

Shi Baba yanzu yana da littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi, ni ke rubuta masa kowace yamma bayan an tashi daga kara. Har yau yana mita cewa a zamaninsu magana ɗaya ta ishi ciniki, kuma gaskiyarsa ne. Amma a Sallar da ta biyo baya ba wanda ya tsayar mana da ko sisi.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu da ke kasuwa. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba mu halal mai albarka. Amin.